Yadda Ake Tafiyar da Taron Ƙungiya Har a Tashi da Matsaya

Wata Lahadi bayan sallar La'asar muka zauna a ajin makarantar firamaren unguwarmu, mu kusan arba'in, a kan bencinan yara. Kuɗin da ke asusun ƙungiya ba za su ɗauki aiki biyu ba: ko a gyara rijiyar burtsatse da ta yi wata biyu ba ta kawo ruwa, ko a tayar da katangar maƙabarta da ruwan sama ya kayar. Wasu sun yi magana sau huɗu, wasu ko tari ba su yi ba. Da ladan ya kira Magariba sai shugaba ya ce, "To, ina ganin mun fahimci juna." Aka shafa fatiha, aka watse. Bayan mako biyu sai ga a-kori-kura tana sauke bulo a bakin maƙabarta. Rabin jama'a suka ce ai a kan rijiya aka tsaya. Aka zo wurina, domin ni ne sakatare. Na buɗe littafi: shafi huɗu cike da wane ya ce, wane ya ce, amma babu layi ɗaya da ya nuna abin da aka yanke. Mutum bakwai suka daina biyan kuɗin wata tun daga ranar, kuma har yau ban ga laifinsu ba.

A nan na gane cewa magana ba ta zama matsayar ƙungiya sai an zuba ta cikin jimla ɗaya, an karanta wa kowa ya ji, an ƙirga masu so da marasa so, an rubuta. Duk ƙa'idojin da za su biyo baya wannan aikin suke yi wa hidima.

Inda ƙa'idojin suka fito

Ba mu kaɗai wannan ciwon kai ya taɓa kamawa ba. A 1863 aka nemi wani injiniyan sojan Amurka mai suna Henry Martyn Robert ya jagoranci taro a wata coci da ke garin New Bedford. Taron ya kuɓuce masa, ya tashi da kunya, ya ƙudurta sai ya san dokar abin kafin ya sake hawa kujerar shugaba. A 1876 ya fitar da littafin da aka sani da Robert's Rules of Order, wanda ƙungiyoyi da yawa a Amurka ke bi har yau; bugu na 12 ya fito a 2020. Ya ɗebo tsarin ne daga majalisar wakilan ƙasarsu, ita kuma ta gada daga majalisar Ingila, inda littafin Erskine May na 1844 yake madogara. Majalisunmu na Najeriya daga wannan gida suka fito, shi ya sa za ka ga kamanni. Sashe na 60 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba majalisar dattawa da ta wakilai ikon tsara wa kansu ƙa'idojin zama. Ƙungiyarku ma haka: ƙa'idar da kuka rubuta wa kanku ita ce gaba da ta kowane littafi, muddin ba ta saɓa wa dokar ƙasa ba.

Kada wani ya ce muku sai da Ingilishi ake taro na ƙa'ida. Sashe na 55 ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci cikin harsunan da majalisar tarayya za ta iya aiki da su in an yi tanadin hakan, sashe na 97 kuma ya ba majalisun jihohi damar amfani da harshen jiharsu in sun amince da ƙuduri. Harshen da kowa a ɗakin yake ji, shi ne harshen taro.

Kalma ɗaya na so mu warware tun yanzu. A rediyo "ƙuduri" yana ɗaukar abu uku. A nan, in na ce ƙuduri ina nufin abin da mamba ya gabatar yana neman a amince. In an amince ya zama matsaya. Wanda 'yan majalisa ke yi wa karatu na ɗaya da na biyu da na uku kuwa ƙudurin doka ne, ba shi muke magana a kai ba.

Mataki na farko: kafin ranar taro

Ɗauko kundin tsarin mulkin ƙungiya ka nemi amsar abu huɗu: kwana nawa ake ba da sanarwa, mutum nawa ne za su halarta kafin zama ya inganta, wa ke da ikon kaɗa ƙuri'a, wane irin rinjaye kowace magana ke buƙata. In kundin bai faɗa ba, to wannan ne aikin taronku na gaba. Tun ran gini tun ran zane. Ranar da rigima ta tashi ba a iya rubuta ƙa'ida, domin kowa zai ja ta inda za ta amfane shi.

Sanarwa ta ƙunshi rana, lokaci, wuri da ajanda. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020 ta sa kwana 21 ga babban taron kamfani. Ƙungiyar unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai tana iya sa mako ɗaya ga zaman wata-wata, ta bar mako uku ga babban taron shekara. In ta WhatsApp kuke aikawa, a haɗa rubutu da saƙon murya saboda waɗanda ba sa karanta boko, a kuma sa wanda zai taka ya sanar da dattawan da ba su riƙe babbar waya. Mutumin da ba a gayyata ba yana da hujjar ƙin matsayar da aka yanke, kuma hujjar tasa mai ƙarfi ce.

A rubuta ajanda dalla-dalla. "Maganar kuɗi" ba ajanda ba ce. "Shawarar ƙara kuɗin wata daga naira 500 zuwa 1,000" ita ce ajanda, domin wanda abin ya dama zai rufe shago ya zo. Taron gaggawa kuwa ba a tattauna komai a cikinsa sai abin da aka ambata a sanarwarsa.

Mataki na biyu: cikar adadi

Wannan shi ne mafi ƙarancin mutanen da dole su hallara kafin a yanke komai, abin da 'yan boko ke kira kworam. Sashe na 54 na kundin tsarin mulkin ƙasa ya sa sulusin dukan 'yan majalisa: sanata 37 cikin 109, ɗan majalisar wakilai 120 cikin 360. A tsarin Robert, in kundin ƙungiya ya yi shiru, sai fiye da rabin mambobi sun zo. Ga ƙungiyar da ke da sunaye 300 a rajista amma 50 ke zuwa, wannan ba zai taɓa yiwuwa ba. Ku sa adadin da kuke iya tarawa a rana ta yau da kullum, ba ranar rabon taki ba, ku kuma fayyace ko wanda ake bi bashin kuɗin wata yana cikin lissafi.

Kowa ya sa hannu ko ya dangwala a takardar halarta. Sakatare ya ƙirga ya faɗa wa shugaba, shugaba ya faɗa a fili. In adadi bai cika ba, abin da ya halatta kaɗan ne: a ɗan dakata, a kira waɗanda ba su iso ba, a sa wata rana, ko a tashi. Ana iya hira, amma ba a fitar da ko kwabo. Cikar adadi kuma ba ta bakin ƙofa ba ce kawai. In mutane sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya har aka ragu, kowane mamba yana da ikon ya ce a sake ƙirgawa. Mafi yawan matsayar da ke raba ƙungiya a irin wannan lokaci ake yanke ta, an gaji, an ragu, saura mutum tara.

Mataki na uku: buɗe zama

Shugaba ya buɗe a kan lokaci, a yi addu'a. Inda ake da Musulmi da Kirista, ɗaya ya buɗe ɗaya ya rufe, kamar yadda aka saba. A karanta ajanda a amince da ita. Sakatare ya karanta minit ɗin zaman baya, wato rubutaccen bayanin abin da aka yi a zaman, shugaba ya tambaya, "Akwai gyara?" Gyara kawai ake nema: suna, adadi, abin da aka tsallake. Wanda ya sha kaye a zaman baya ba nan ne wurin da zai sake buɗe muhawara ba. Daga nan sai batutuwan da suka taso daga minit, wato wa aka ba wane aiki, ya yi ko bai yi ba.

Rahoton ma'aji ana karɓarsa a ajiye, ba a kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi. Abin da ake amincewa da shi shi ne rahoton mai binciken kuɗi bayan ya duba rasit da takardar banki. Wannan kariya ce ga ma'ajin kansa, ba zargi ba.

Mataki na huɗu: ƙuduri

A nan gizo ke saƙa. Ƙa'idar ita ce ba a muhawara sai akwai ƙuduri a gaban zama, kuma ƙuduri ɗaya a lokaci ɗaya. Mu a wancan taron namu mun juya abin ne: muka yi awa uku muna muhawara ba tare da kowa ya faɗi abin da yake so a yi ba.

Mamba ya ɗaga hannu ya ce, "Mai girma shugaba." Ya jira. Shugaba ya ce, "Bismillah, Malam." Sai ya miƙe ya ce:

"Ina gabatar da ƙudurin cewa ƙungiya ta fitar da naira 400,000 daga asusunta domin gyaran rijiyar burtsatse ta bakin masallaci, a hannun kwamitin ayyuka, a kammala kafin ƙarshen watan gobe."

Dubi abin da ke cikin jimlar: me za a yi, nawa, wa zai yi, yaushe. "Ya kamata a duba maganar ruwa" ba ƙuduri ba ne, koke ne. In mai magana ya kasa tsara jimlar, shugaba ya taimaka masa, sakatare ya rubuta ya karanta masa har ya ce e, haka nake nufi. A kuma tsara ta a kan abin da za a yi, ba abin da ba za a yi ba, domin ƙudurin "kada a gyara" yana rikita masu ƙuri'a, wanda ya ce a'a bai san me ya zaɓa ba.

Sai wani ya ce, "Na mara masa baya." Mara baya ba ya nufin ka yarda da ƙudurin, yana nufin ka ga ya cancanci a tattauna, kuma kana iya kaɗa ƙuri'ar ƙin sa daga baya. Amfaninsa shi ne kada mutum ɗaya ya cinye lokacin jama'a da abin da shi kaɗai ya dama. In ba wanda ya mara, shugaba ya ce ƙuduri bai samu goyon baya ba, a wuce. Ƙudurin da kwamiti ya kawo ba ya buƙatar mara baya, tunda ba mutum ɗaya ne ya kawo shi ba.

Daga nan shugaba ya maimaita jimlar kalma bayan kalma, ya ce an buɗe muhawara. Da zarar ya maimaita, ƙudurin ya bar hannun mai shi ya zama na zama. Ko janye shi yake so, sai an ba shi izini.

Mataki na biyar: muhawara

Mai ƙuduri ke fara magana. Ba wanda zai yi magana sau biyu alhali akwai wanda bai yi ko sau ɗaya ba yana nema. Tsarin Robert ya ba kowa dama biyu, minti goma-goma. Ga taron bayan La'asar minti uku ya isa, a sa mai duba agogo. Shugaba ya riƙa karɓa-karɓa tsakanin masu goyon baya da masu ja. Kowa shugaba yake fuskanta, ba abokin jayayyarsa ba. Ba a cewa "kai ka yi ƙarya", ana cewa "Mai girma shugaba, adadin da mai maganar baya ya kawo bai yi daidai da na rasit ba." Ana sukar shawara, ba a taɓa niyyar mutum ko gidansu.

Akwai abin da littattafan can ba su san da shi ba, amma duk wanda ya zauna taro a ƙasar Hausa ya sani. In dattijo ya yi magana, magana ta ƙare. Saurayin da ya san injin rijiyar ciki da waje ba zai tashi bayan Baba ya ce katanga ya ce a'a ba. Matar da ita ke aika yara ɗiban ruwa tun asuba za ta sunkuyar da kai. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ban ce a zubar da ita ba. Amma ka sani, maganar da kunya ta hana fitowa a cikin ɗaki za ta fito a majalisar shayi da dare, kuma a can ba ta da magani. Dabarar da na ga ta yi aiki ita ce shugaba ya fara da ƙanana. Ya ce, "Bari mu fara jin matasa da iyayenmu mata, sannan mu rufe da dattawa." Babu dattijon da zai ji an rage masa girma don an bar masa kalmar ƙarshe, kuma kafin ya buɗe baki ya riga ya ji abin da da ba zai ji ba. Sau da yawa dattijon da kansa ke sauya ra'ayi, cikin mutunci, ba tare da kowa ya ja da shi ba.

Shi kansa shugaba alƙalin wasa ne, ba ya buga ƙwallo. In magana ta ci masa rai har sai ya tofa albarkacin bakinsa, ya miƙa kujera ga mataimakinsa, kada ya karɓa sai an gama da wannan ƙuduri. A ƙaramin kwamiti na mutum goma sha biyu ko ƙasa da haka ana sassautawa: shugaba yana magana, yana ƙuri'a, ba a ma neman mara baya.

Wanda kuma yake da amfanin kansa a cikin magana, misali ƙaninsa ne mai gyaran rijiya, ya faɗa tun farko ya janye daga ƙuri'a. Sashe na 56 na kundin tsarin mulkin ƙasa ya wajabta wa majalisa ta sa ƙa'idar cewa ɗan majalisar da ke da ribar kuɗi kai tsaye a batun da ke gabanta ya bayyana hakan.

Mataki na shida: gyara, da sauran hanyoyin sarrafa ƙuduri

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya yarda da gyaran rijiya amma ya ga kuɗin sun yi yawa sai ya ce, "Ina gabatar da gyara, a cire 400,000 a sa 300,000." Gyara iri uku ne: a ƙara kalma, a cire kalma, ko a cire a maye da wata. Shi ma sai an mara masa baya, a yi muhawara a kansa shi kaɗai, a kaɗa ƙuri'a. Ga inda ake yawan tuntuɓe: amincewa da gyara ba amincewa da ƙuduri ba ne. Bayan gyara ya wuce, shugaba ya karanta ƙudurin da sabon adadinsa, a ci gaba da muhawara, a sake ƙuri'a a kan ƙudurin gaba ɗaya.

Dole gyara ya shafi maganar da ake ciki. Ba a cusa ƙarin kuɗin wata cikin ƙudurin rijiya. Ana iya yi wa gyara gyara sau ɗaya, ba a hawa na uku. Shi kuwa mai son katanga, hanyarsa a buɗe take. Ya tashi a muhawara ya ce, "Ina roƙon a kayar da wannan ƙuduri, in ya faɗi zan gabatar da na katangar maƙabarta." Yanzu kowa ya san abin da hannunsa ke zaɓa. Da wani ya faɗi wannan jimla a ajin nan, da ba mu rasa mutum bakwai ba.

In bayani bai isa ba, a gabatar da ƙudurin miƙa wa kwamiti, amma a faɗi mutum nawa, wa zai naɗa su, wace rana za su kawo rahoto. Kwamitin da ba shi da ranar dawowa kabarin magana ne. Ana iya ɗage batu zuwa takamaiman lokaci, kamar zama na gaba, sai ya shiga ajandar ranar da kansa. Ana iya jingine shi na ɗan lokaci saboda wani abu na gaggawa ya taso, a dawo da shi da ƙuri'a. Ba a amfani da jinginewa don kashe maganar da ba a so. Akwai kuma rufe muhawara. Don wani ya ɗaga murya daga baya ya ce "a kaɗa ƙuri'a haka nan" ba ya rufe bakin kowa. Sai ya nemi izini, ya gabatar, a mara masa, a samu kashi biyu bisa uku. Dalilin tsaurin a fili yake: duk matakin da zai hana mutane magana ya fi ƙarfin rinjaye na yau da kullum.

Waɗannan suna iya taruwa a kan juna: ƙuduri, gyara a kansa, sannan neman miƙa wa kwamiti. Kamar lodin mota ne, kayan da aka ɗora a ƙarshe su ake fara saukewa. A fara da kwamiti. In ya faɗi a koma gyara. Sannan uwar ƙuduri.

In an taka ƙa'ida

Kowane mamba yana iya miƙewa nan take, ko da wani na magana, ya ce, "Mai girma shugaba, ina jan hankali kan ƙa'ida." Ya faɗi wace ƙa'ida aka taka: an fita daga batu, adadi ya ragu, an tsallake ƙuri'ar gyara. Ba ya buƙatar mara baya. Shugaba ya yanke hukunci a take. In mamba bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa ga zama, wani ya mara masa, jama'a su kaɗa ƙuri'a ko hukuncin shugaba ya tsaya. Shugaban kirki ba ya jin haushin wannan, domin nauyi aka sauke masa. Sai dai a kula, "ban yarda da abin da yake faɗa ba" ba jan hankali kan ƙa'ida ba ne; mai wannan ya jira layinsa.

Mataki na bakwai: ƙuri'a da lissafinta

Shugaba ya sake karanta ƙudurin yadda yake a yanzu. Ya nemi masu goyon baya, sannan dole ya nemi masu ƙi, ko da ya ga kamar kowa ya yarda. A majalisa ana yawan yi da murya, masu e da masu a'a, shugaba ya buga guduma. A ƙungiya na fi son ɗaga hannu, mutum biyu su ƙirga, domin murya ta mai ƙarfin maƙogwaro ce. In an yi da murya wani ya yi shakka, yana da ikon neman a sake ta hanyar da ido zai gani. Zaɓen shugabanni, korar mamba, da duk maganar da ta shafi wani babba a ɗakin, a yi su da ƙuri'ar sirri. Takarda ba ta jin kunyar kowa. Ƙananan abubuwa kamar amincewa da minit, shugaba ya ce "Akwai mai ja?" ya ɗan saurara, in shiru ya wuce. Amma kada a fitar da kuɗi da shiru, domin shirunmu ba kullum yake nufin yarda ba.

Rinjaye shi ne fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Ba "rabi da ɗaya" ba: in ƙuri'a 17 ce, 9 ta isa, mai lissafin rabi da ɗaya kuwa zai kai ka 10. Waɗanda suka ƙi kaɗawa ba a lissafa su. Mutum 40 a ɗaki, 18 sun ce e, 15 sun ce a'a, 7 sun naɗe hannu: ƙuduri ya wuce. Amma in kundinku cewa ya yi "rinjayen waɗanda suka halarta", to sai 21, ƙuduri ya faɗi. Kalma biyu sun juya sakamako. Kashi biyu bisa uku kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: masu e su ninka masu a'a ko su fi. 20 da 10 ya wuce, 19 da 10 bai wuce ba. Sai a duba ko na waɗanda suka kaɗa ake nufi ko na dukan mambobi. Sashe na 9, na gyaran kundin tsarin mulkin ƙasa, na duka ya ce: sanata 73, ɗan majalisar wakilai 240, da majalisun jihohi 24 cikin 36. A kamfani, matsaya ta musamman tana buƙatar kashi uku bisa huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa.

Wanda ya raina wannan lissafi ya tuna 1979. Jihohi 19 ne a lokacin, doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Alhaji Shehu Shagari ya samu a 12, a Kano kuwa ya tsaya a kusan kashi 20 cikin 100. Abokin takararsa, Cif Obafemi Awolowo, ya ce kashi biyu bisa ukun 19 shi ne 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu bisa uku na jiha ta 13. Sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar a watan Satumba, ta ba Shagari gaskiya, ana saura kwanaki a rantsar da shi. Ku rubuta a kundinku cewa in lissafi ya faɗa a kan guntu, sama ake cikawa.

In an yi kunnen doki, ƙuduri ya faɗi, tunda bai samu fiye da rabi ba. A majalisar tarayya, sashe na 56 ya ce mai jagorantar zama ba ya kaɗa ƙuri'a sai ta raba gardama. Ku zaɓi tsarinku ku rubuta, amma kada shugaba ya kaɗa sau biyu, ɗaya a matsayin mamba ɗaya a matsayin shugaba, sai in kundinku ya faɗi haka ƙarara. "Yayana ya ce in ɗaga masa hannu" ba ya shiga lissafi in kundi bai yarda da wakilci ba. Haka ma ra'ayoyin da aka tara a zauren WhatsApp cikin dare, shawara ce, ba matsaya ba, har sai an kawo ta zama.

Shugaba ya faɗi sakamako da adadi, ya faɗi abin da ya biyo baya: "Masu goyon baya 24, masu ƙi 11. Ƙuduri ya wuce. Ma'aji zai miƙa wa kwamitin ayyuka naira 300,000."

In daga baya aka ga an yi kuskure, ƙofa biyu ce. A zaman nan dai, wanda ya kaɗa tare da ɓangaren da ya yi nasara yana iya neman a sake duba ƙuri'ar. An keɓe masa wannan ne don kada waɗanda suka sha kaye su yi ta dawo da magana. A wani zaman kuwa kowa yana iya neman a soke matsayar: in an sa a sanarwa rinjaye ya isa, in ba a sa ba sai kashi biyu bisa uku. Abin da aka riga aka aikata, kamar kuɗin da an biya an yi aikin, ba ya sokuwa.

Mataki na takwas: tashi da rubuta minit

"Sauran batutuwa" wurin sanarwar ɗaurin aure ne da ta'aziyya da shawarar abin da za a sa a ajanda ta gaba. Kada a yarda a ƙara kuɗi, a tsige wani, ko a taɓa kundi a ƙarƙashinsa. Kafin a tashi, sakatare ya miƙe ya karanta duk matsayar da aka yanke a ranar, ɗaya bayan ɗaya, da sunan wanda aka ɗora wa kowane aiki. Minti biyu yake ci. Sannan a gabatar da ƙudurin tashi, a mara, a amince, a faɗi ranar zama na gaba, a rufe da addu'a.

Minit kuwa abin da aka yi ake rubutawa, ba abin da aka faɗa ba. Rana, wuri, lokacin farawa, wanda ya jagoranta, adadin mahalarta, kowane ƙuduri da ainihin kalmominsa, wanda ya gabatar, sakamakon ƙuri'a, hukuncin da shugaba ya yanke in an ja hankali kan ƙa'ida, lokacin tashi. Ba a rubuta cewa wane ya fusata, ba a rubuta ra'ayin sakatare. A rubuta a daren ko washegari, tun abin bai dushe ba, a littafi mai ɗinki da lambar shafi, ba fallayen takarda da za a iya zare ɗaya ba. In zama na gaba ya yi gyara, a ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, kada a goge. Bayan an amince, shugaba da sakatare su sa hannu da kwanan wata. Ranar da aka yi sabon zaɓe, tsohon sakatare ya miƙa littafin ga sabo a gaban jama'a, a rubuta miƙawar a minit ɗin ranar.